Kumburin Sanyi: Ciwon Yatsun da Gaggawar Jin Ɗumi Ke Tsanantawa

A ƙasashen da sanyi ke haɗuwa da danshi, kamar Ingila, akwai wani ciwon fata da likitoci ke kira "perniyo", wato kumburin sanyi. Ya kamata ɗalibanmu masu zuwa ƙaro ilmi a irin waɗannan ƙasashe su san shi, domin ya bambanta da kaushi da faso na lokacin hunturu, waɗanda bushewar iska ke haddasawa.

Ba sai ruwa ya daskare ake kamuwa da wannan ciwo ba. Idan sanyi ya ratsa fata, ƙananan hanyoyin jini sukan tsuke. Da zarar mutum ya kara ƙafarsa a wuta, sai su buɗe farat ɗaya, ruwan jini ya tsattsafo cikin nama, wurin ya kumbura.

Alamomin sukan bayyana cikin sa'o'i 12 zuwa 24 bayan shan sanyi, galibi a yatsun ƙafa da na hannu, wani lokaci a kunne ko hanci. Akan ji ƙaiƙayi da raɗaɗi kamar ƙuna. A jikin Bature wurin yakan yi ja ko shuɗi, amma a baƙar fata launin ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu. Idan ya tsananta yakan yi bororo, har ya zama gyambo. Yawanci yana warkewa da kansa cikin mako 1 zuwa 3.

Mata sun fi maza kamuwa da shi. Haka kuma ramammu, da masu shan taba, da masu sa matsattsun takalma, da masu larurar Raynaud ko cutar lupus. A shekarar 2020 likitoci a Turai da Amurka sun ga irin wannan kumburi a yatsun matasa da yawa lokacin annobar korona.

Rigakafinsa shi ne sa busasshiyar safa da takalmi mai yalwa, da ɗumama jiki sannu a hankali. A guji susa da kara ƙafa a wuta. Idan ciwon ya wuce mako 3, ko ya fara fitar da mugunya, ko kuma mai shi yana da ciwon suga, to, lallai a garzaya asibiti.