Yadda 'Yan Sa Kai na Ƙauyuka Suka Kori Kurkunu Daga Gonakin Nijeriya

A shekarar 1988, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ƙarƙashin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ta ƙaddamar da shirin kawar da ciwon kurkunu, ƙidayar farko ta gano mutane fiye da 650,000 masu fama da cutar a ƙauyuka kusan 6,000. Babu wata ƙasa a duniya da ta kai Nijeriya yawan masu ita a wancan zamani. Shekaru 20 bayan haka, cikin watan Nuwamba na 2008, aka sami mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a wani ƙauye na Jihar Enugu, kuma a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da cutar.

Abin lura shi ne, kurkunu ba shi da magani, ba shi kuma da allurar rigakafi. Mutum yakan kamu da shi ne ta hanyar shan ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari waɗanda suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kimanin shekara guda sai tsutsar, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya, ta ɓullo, galibi a ƙafa. Raɗaɗi kan sa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa cikin ruwa, nan take tsutsar ta zubar da dubban 'ya'ya, sai cutar ta sake zagayowa. Fitar da ita kuwa sai an riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni.

Ta fuskar tattalin arziki, ɓarnar ba ƙarama ba ce. A Arewa tsutsar takan fito ne da damina, daidai lokacin noma, ta kwantar da magidanci ko ma gida gaba ɗaya. Wani bincike da aka gudanar a 1987 a yankin manoman shinkafa na kudu maso gabashin ƙasar ya ƙiyasta asarar dala miliyan 20 a kowace shekara. Haka nan kuma makarantun ƙauye sukan yi fama da ƙarancin ɗalibai, domin wasu yaran suna kwance, wasu kuma an janye su zuwa gona a madadin iyayensu.

Tun da babu magani, dole aka koma ga mutanen ƙauyukan da kansu. Kowane ƙauye ya zaɓi ɗan sa kai daga cikinsa, aka ba shi horo na 'yan kwanaki da littafin rajista. Aikinsa shi ne ya bi gida-gida yana raba ƙyallen tace ruwa, ya nuna wa mata yadda ake ɗaura shi a bakin randa, ya wanke gyambon mai ciwo ya ɗaure, ya hana shi shiga tafki, sa'an nan ya aika da rahoto kowane wata zuwa ƙaramar hukuma. Da waɗannan rahotanni ne jami'ai suke sanin tafkin da za a zuba wa maganin Abate da kuma ƙauyen da ya fi bukatar rijiyar burtsatse. Malaman firamare su ma sun riƙa koya wa ɗalibai tace ruwa, su kuma su kai darasin gida.

Ba za a manta da gudummawar waje ba. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya rasu a 2024, ita ce ta jagoranci yaƙin tun 1986, lokacin da aka ƙiyasta mutane miliyan 3.5 ke ɗauke da cutar a Afirka da Asiya. Kamfanin DuPont ya ba da zaren ƙyallen tacewa kyauta, American Cyanamid kuma ya ba da Abate. A ƙarshen shekarun 1990, Janar Yakubu Gowon ya shiga rangadin ƙauyuka yana tunatar da gwamnoni alkawuransu na samar da ruwa. To, amma ƙyalle da magani ba su kai kansu bakin tafki. Ɗan sa kai ne ya kai su, kuma ba albashi yake karɓa ba. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Irin wannan tsari aka bi daga 1995 wajen raba maganin Mectizan, wanda kamfanin Merck yake bayarwa kyauta tun 1987, domin yaƙi da makantar da ƙudajen bakin kogi ke haddasawa.

Ga 'yan kasuwa, musamman masu saye da sarrafa amfanin gona, lissafin a fili yake. Buhun da ke isa kasuwa yana farawa ne daga ƙafar manomi mai lafiya, kuma abin da ɗan sa kai yake bukata bai wuce keke, takalmin ruwa, littafi da kuɗin horo ba. Kamfanin da ya ɗauki nauyin wannan a ƙauyukan da yake sayen kaya, jarinsa ne yake karewa.