Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Kowa: Shawarwari Ga Masu Sauka A Tashoshin Teku

Tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da dattijon da ya yi shekara sittin a Ƙauyen Alu ko Gyadi-Gyadi bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga faɗi ba. To amma zamani ya kawo wata irin tafiya wadda ma'aikacin da ya je Umra, ko ɗalibin da yake karatu a Masar, ko ɗan kasuwar da yake saro kaya a Dubai, zai iya cin karo da tallarta, watau tafiyar shaƙatawa a cikin ƙaton jirgin ruwa wanda yake kwana yana tafiya, ya wayi gari a tashar wata ƙasa, fasinjoji su sauka su yini suna kallon gari, da maraice su koma ya ƙara gaba. Kada mai karatu ya haɗa wannan da abin da Kanawa suke kira jirgin yawo, domin shi wancan suna ne na kamfanoni masu zaman kansu da suke kai alhazai ta sama.

Wannan sana'a ta kankama a Jidda a shekarar 1442 ta Hijira, daidai da 2021, lokacin da hukumomin Saudiyya suka kafa kamfanin kula da ita, jirgin MSC Bellissima kuma ya soma ɗiban fasinja daga can. A watan Disamba na 2024 sai jirgin ƙasar na kanta, mai suna Aroya, ya yi tafiyarsa ta farko a Bahar Maliya. Tashoshin da irin waɗannan jirage suka saba tsayawa sun haɗa da Aƙaba ta ƙasar Jodan, da Sharmus Shaikh da Ainus Sukhna da Safaga a Masar. Waɗanda suke tashi daga Dubai kuwa su kan ratsa Abu Dabi da Doha da Bahrain da Maskat.

Ba yau aka fara ba

Ko da yake ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, mutanenta sun daɗe da sanin jirgin ruwa. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, maniyyaci ya kan bar Kano ya bi ta Maiduguri da Fort Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, ya keta Darfur har El Obaid, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Sawakin ko Bur Sudan, inda za a tsare shi a duba lafiyarsa kafin ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawa daga cikinsu guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya noman auduga a Jazira, zuriyarsu tana can har yau.

Ta ɓangaren kudu kuma, tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai tashar Ikko ta zama ƙofar fita. Ta nan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921 ya tafi Ingila, daga can ya wuce aikin Hajji. Ta nan ne kuma Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka bi a ziyararsu ta Ingila a 1934. Daga baya ɗalibai da ma'aikata masu zuwa kwas sun riƙa shiga jiragen kamfanin Elder Dempster a Apapa, su yi kimanin mako biyu a kan ruwa, suna yada zango a Gana da Saliyo da birnin Las Palmas kafin su isa Libaful. Jirgin ƙarshe a wannan layi, mai suna Aureol, ya fara aiki a 1951, aka sallame shi a 1974. Ka'idar da matafiyan wancan zamani suka tarar a kowace tasha ita ce take aiki har gobe: idan lokacin tashi ya yi, za a janye tsani ko da saura mutum a gari.

Takardu tun daga gida

Shirin farko a Kano ake yinsa. Mazauna Tarauni sun yi sa'a domin ofishin fasfo na Farm Centre yana kusa da su, sai dai kusancin ba ya hana layi, don haka a fara da wuri. Ƙa'idar da kamfanonin jirage suke bi ita ce fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla bayan ranar da za a gama tafiya, da kuma shafuka marasa hatimi.

Babban abin da yake kada masu fasfon Nijeriya shi ne biza. Jirgi ɗaya yana iya taɓa ƙasa uku a cikin mako guda, kowace kuma da dokarta, kamfanin jirgi kuwa ya kan rubuta a cikin sharuɗɗan tikiti cewa neman biza nauyin fasinja ne. Wanda takardunsa ba su cika ba ana iya hana shi hawa tun a tashar farko, kuɗinsa kuma ba za su dawo ba, ko da ya yi alkawarin ba zai sauka a ƙasar da ba shi da bizarta ba. Akwai kuma wani tarko da ya kamata mai Umra ya lura da shi. Jirgin da ya bar Jidda ya je Aƙaba ya fitar da shi daga Saudiyya ke nan, komowarsa Jidda sabuwar shiga ce. Idan bizar da take hannunsa ta shiga sau ɗaya ce, to ta riga ta mutu tun ranar da jirgi ya tashi. Haka abin yake ga mai son kewaya Bahar Rum, inda ake bukatar bizar ƙasashen Turai mai ba da izinin shiga sau da yawa. Dokokin kuma suna sauyawa, misali Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza a 2022, ba a sake buɗewa ba sai a watan Yuli na 2024. Saboda haka a nemi amsa a rubuce daga kamfanin jirgin da ofishin jakadancin kowace ƙasa kafin a biya ko da kwabo. Matambayi ba ya ɓata.

Sai katin rigakafin ciwon shawara, wanda jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa suke bayarwa, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allura. Saudiyya tana neman shaidar rigakafin sanƙarau daga masu Hajji da Umra. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likitansa tukuna, ya ɗebi maganin da zai wuce kwanakin tafiya, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai kai wata shida ba. Asibitin cikin jirgi kuma na kuɗi ne, kuma da tsada, shi ya sa inshorar tafiya take cikin guzuri.

Game da kaya, hukumar alhazai ta sha yin gargaɗi a kan shiga Saudiyya da goro, ƙwayoyi irin su tramadol kuwa suna iya kai mutum kurkuku a Saudiyya da Masar da Dubai. Kanawa ba su manta da ɗalibar da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta tun daga filin jirgin sama ba da saninta ba, wadda sai a ƙarshen Afrilu na 2019 aka sake ta bayan gwamnati ta sa baki. Matafiyi ya ƙirga jakunkunansa, ya duba takardun awon kaya da aka ba shi, kada kuma ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba.

Agogon jirgi da agogon gari

A tashar Unguwa Uku, idan fasinja ya je sayen ruwa, ɗan kamasho zai yi ta kwala masa kira, direba kuma ya jira. Jirgin ruwa mai ɗauke da mutum dubu uku ko huɗu ba ya haka, domin an yanka masa lokacin da zai bar matsaya, ga kuɗin tasha, ga matuƙin tasha da zai fitar da shi yana jira, ga wani gari da aka yi alkawarin isa da safe. Akan bukaci kowa ya koma ciki rabin sa'a kafin tashi. Inda jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai an yi jigila da ƙananan jirage, na ƙarshe ya kan bar gaɓa tun kafin haka. Ana rubuta lokacin a takardar da ake rabawa ɗakuna kowane dare da kuma allon da yake bakin tsani.

Abin lura shi ne agogon jirgi ake bi. Saudiyya da Jodan suna gaban Nijeriya da awa biyu, Dubai da Maskat da awa uku, Masar kuwa da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi tun da ta koma sauya agogo a 2023. A ce jirgi ya taso daga Jidda a watan Janairu yana riƙe da agogon Jidda, ya tsaya a Masar. Wayar fasinja za ta juya da kanta ta koma agogon Masar, ta nuna masa ƙarfe huɗu alhali a jirgi biyar ta yi. Maganin wannan shi ne agogon hannu wanda aka daidaita da na jirgi kafin a sauka.

Wanda aka bari a tasha, shi zai ɗauki nauyin kwanansa da tikitin da zai kai shi tasha ta gaba ko gida, wataƙila kuma ba shi da bizar kwana a ƙasar. Don haka kowa ya sauka da katinsa na jirgi, da kwafin fasfo, da maganinsa na yini biyu, da lambar wayar wakilin kamfanin a wannan tasha, wadda take cikin takardar da aka ambata. Idan aka makara, shi ne mutumin farko da za a kira, kuma a hannunsa ma'aikatan jirgi suka saba barin fasfon wanda bai dawo ba.

Nisan wuraren kallo

Sau da yawa abin da ake son gani yana nesa da tasha. Daga Aƙaba zuwa tsohon birnin Betra da aka sassaƙa a jikin dutse akwai kimanin kilomita 130, tafiyar awa biyu, kusan kamar daga Kano zuwa Zariya. Daga Ainus Sukhna zuwa Alƙahira ma wajen awa biyu ne, ban da cunkoson cikin birni. Daga Safaga zuwa Luksor kuwa ya haura kilomita 200, kamar daga Kano zuwa Kaduna, zuwa da dawowa kuma su cinye awa bakwai. A irin wannan doguwar tafiya ya fi kyau a bi motar da kamfanin jirgi ya shirya, ko da ta fi tsada, domin idan ita ta makara jirgi zai jira ta ko kamfani ya ɗauki nauyin kai mutanenta tasha ta gaba. Wanda ya yi shatar tasi don neman sauƙi ba shi da wannan kariya.

A garuruwan da kasuwa da wuraren tarihi suke kusa da tasha, kamar unguwar Balad ta tsohuwar Jidda ko kasuwar Matrah ta Maskat, mutum yana iya yawonsa da kansa, muddin ya ƙudurta komowa awa biyu kafin lokaci. A yi ciniki da direba kafin a shiga mota, a tabbatar da irin kuɗin da ake nufi da kuma ko na mutum ɗaya ne ko na mota duka. Dala ɗaya riyal 3.75 ce a Saudiyya, dirhami 3.67 a Dubai, amma dinarin Jodan ya fi dala daraja, saboda haka wanda ya ji an ce ashirin a Aƙaba kada ya auna da riyal. Yana da kyau a yi canji tun a Wapa, a riƙe ƙananan takardun dala, domin bankunan Nijeriya sun taɓa dakatar da aikin katin naira a ƙasashen waje, kamar yadda aka gani a 2022. A cikin jirgi kuma kome da katin ɗaki ake saye, a tara lissafi sai ranar sauka, har da ladan ma'aikata da akan ɗora wa kowane fasinja kullum. Wayar da aka bari a buɗe a tsakiyar teku tana hawa layin tauraron ɗan Adam, wanda kuɗinsa ya ninka na ƙasa nesa ba kusa ba.

Baƙo ya kiyaye dokar masu gari. Kada a ɗauki hoton tashar jirage ko sojoji ko gine-ginen gwamnati, kada kuma a ɗauki hoton mutane ba da izininsu ba. Ba a yarda a sauko da 'ya'yan itatuwa ko nama daga jirgi ba a tashoshi da yawa. Ruwan kwalba da hula ko lema sun zama dole a gaɓar Bahar Maliya, inda zafi yake haɗuwa da gumi fiye da na Kano a watan Afrilu. Alƙibla ma tana sauyawa da juyawar jirgi, sai a tambayi ma'aikata ko a duba allon da yake nuna inda aka dosa, hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi kuwa a ji shi daga bakin malami tun kafin a bar gida.

Tsaron rai

Kafin jirgi ya tashi akan nuna wa kowa wurin da zai taru idan haɗari ya auku da yadda ake ɗaura rigar ceto. An tsananta wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a ranar 13 ga Janairu, 2012, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an yi musu wannan horo ba. Bahar Maliya ma tana da nata tarihin, domin a watan Fabrairu na 2006 jirgin fito mai suna Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba da Safaga da mutum fiye da dubu. Mai iyali ya tabbata matarsa da 'ya'yansa sun san lambar wurin taruwarsu da hanyar zuwa can ba tare da shi ba. Mai jin jiri a mota kuwa ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi, kowa kuma ya yawaita wanke hannu da sabulu, domin amai da gudawa suna saurin yaɗuwa inda jama'a suke cin abinci wuri ɗaya.

Daga ƙarshe, a sani cewa kyaftin yana da ikon tsallake tasha saboda iska ko rashin tsaro, kamar yadda kamfanoni da yawa suka soke bi ta Bahar Maliya a 2024 sakamakon hare-haren da aka soma kai wa jirage daga Yaman a ƙarshen 2023. Ma'aikacin da ya tara albashin watanni don wannan tafiya ya karanta sharuɗɗan mayar da kuɗi kafin ya sa hannu, ya isa garin da jirgi zai tashi da kwana ɗaya a gaba, kada kuma ya sayi tikitin jirgin saman komowa Kano na safiyar ranar da za a sauka.