Gatan Da Ke Kwantar Da Tsoho

Duk wanda ya bi titin Zariya daga tashar Unguwa Uku ya nufi cikin gari, sai ya wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙaramar hukumar Tarauni. An kafa asibitin a 1988, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Da yawa cikin dattawan da 'ya'yansu ke riƙowa zuwa ganin likita a nan, ba yawan shekaru ne ya kayar da su ba. Hawan jini ne, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar ƙoda, cututtukan da ke shafe shekaru suna cin mutum a ɓoye. Abin takaicin shi ne, sau da yawa gatan da muke yi wa iyayenmu ne yake ƙara iza wutar.

Mu fara da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To, leƙa madafi. Uwargida za ta zuba gishiri a miya, ta murmushe dunƙule uku ko huɗu a kai, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. In an kai wa maigida akushi, ga yaji a gefe, shi ma da dunƙule aka daka shi. Sai kuma kanwa, wadda ke maƙare da sinadarin sodiyam, shi ne kuwa abin da ke ta da jini a cikin gishiri. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka alaƙanta yawan ciwon zuciya ga masu jego da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Abin da ya wahalar da zuciyar matashiyar mace, ina ga ta ɗan shekara saba'in? Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta sun isa su ɗaga miya, harshe kuwa cikin 'yan makonni yake sabawa.

Sukari ma haka. Tsaya wajen mai shayi da sassafe ka ga yadda ake haɗa kauri: madara, sukari cokali uku ko huɗu, ga farin burodi. Hukumar ta ce abin da ya fi shi ne a tsaya a wajen giram 25 a yini, kimanin ƙaramin cokali shida. Kwalbar lemo ɗaya ta haura wannan. Harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo da gwamnatin tarayya ta fara karɓa a 2022 bai hana mu kai wa Hajiya katan ɗin lemo in mun je gaisuwa ba. Zoɓo kuwa, wani bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a 2010 ya nuna kofi uku a yini yana ɗan sauke hawan jini, amma ba zoɓon gora da aka dama da sukari ake nufi ba.

Inda muka fi yin sakaci shi ne abinci mai gina jiki. Daga shekara 30 tsokar mutum ke fara raguwa, da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Amma da zarar haƙori ya zube, sai a mayar da tsoho kan koko da safe, tuwo da dare. Ciki ya cika, cinya tana ramewa, har tashi daga tabarma ya gagara. Maganin bai wuce abin da ke Kasuwar Tarauni ba: wake da alale, dafaffen ƙwai, kifi, kindirmo, kunun gyaɗa, nama in an dafa shi ya yi laushi. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da taliya riƙe sukarin jini. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da ake so a ci kullum, kwaɗon zogale da rama da miyar alayyafo za su biya rabinsa, sauran kuma ga 'Yan Lemo nan a Na'ibawa. A riƙa miƙa wa tsoho ruwa ko bai nema ba, domin jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, zafin Kano kuwa yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Sai babban gatan: "Baba, ku zauna ku huta, ai kun yi mai wuyar." Magana ce ta ladabi, amma zama yana cinye ƙafa. Ana so dattijo ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya ta rabin sa'a sau biyar. A yau ko daga Unguwa Uku zuwa Hotoro ne, ko ma abin da bai kai haka ba, Adaidaita Sahu ake tsayarwa. Dattijon da ke takawa masallaci sau biyar ya riga ya sami kaso mai tsoka, ga gaisawa da jama'a da ke kore kaɗaici. Iyayenmu mata ne abin dubawa, waɗanda surukai da jikoki suka karɓe wa tsintsiya da tankaɗe, suka bar su da carbi da rediyo. A bar su su yi shara, su taka zuwa barka da dubiya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin ƙoshin lafiya, amma aikin na cikin gida ne. Hawan jini ba ya sallama. Awo kawai ke tona shi, kuma in ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, likita ake nema, a sha magani ba fashi ko da an ji garau. Ɗan shekara arba'in da ke kai mahaifinsa asibiti, ya miƙa nasa hannun a auna, domin tukunya ɗaya suke ci.