Da Za A Kai Kayan Ɗakin Amarya Sama

Tun watan Nuwamba na 2000 ba a taɓa rasa mutane ba cikin wani gida da Amurka da Rasha da waɗansu ƙasashe suka haɗa a sararin sama, wajen mil 250 bisa kanmu. Gidan nan yakan zaga duniya cikin minti 90. To, jama'a, a ce an kwashi kayan ɗakin wata amarya daga Jega an kai can, wanne zai yi aiki, wanne zai ƙi?

Da fari sai mu san abin da ya sa kome ke shawagi cikin gidan. Ƙasa tana nan tana jansa, faɗuwa kuwa yake yi kullum, amma don tsananin gudunsa, mil 17,500 cikin sa'a guda, sai ya riƙa kuskure ƙasa yana zaga ta. Ku tuna guga in igiya ta tsinke: shi da ruwan cikinsa tare suke faɗuwa, ruwan ba ya danne gindinsa. Haka mutanen can suke, su da kayansu, babu mai danne wani.

Mu soma da turmi. A nan mace ta ɗaga taɓarya, nauyinta ya taimaka ta sauko. A can kuwa in amarya ta buga da ƙarfi, sai ita ta tashi ta bugi rufin ɗaki, gero ya watse kamar fara. In ta ce za ta yi sheƙa yadda matan Maiyama ke yi da kaka, tsaba ba ta faɗuwa, ita da ƙaiƙayi sai su cika ɗaki, su shiga hanci da ido. Don gudun irin wannan ne ma ake kai wa mazauna gidan gishiri narkakke cikin ruwa.

Buta fa? Kome karkata ta da za ka yi, ruwa ba ya zuba. In ka girgiza ya fito, sai ya dunƙule kamar ƙwai yana yawo, ko ya manne a hannu. Hawaye ma haka suke. In amarya ta yanka albasar Aliero mai yaji, ƙwalla ba ta gangarowa kumatu, sai ta taru a ido ta yi tulu, har a sa ƙyalle a share. Buhun albasar kuwa in aka aza shi bisa sikeli ba zai nuna kome ba, amma in ya taho ya bangaje ka, ka san buhu ne.

Fitilar aci-balbal ita ma za ta ba da kunya. A nan iska mai zafi takan tashi don ta fi mai sanyi rashin nauyi, sabuwa ta shigo ta ƙasa, shi ya sa harshen wuta ke da tsini. Da aka kunna kyandir a can, wutar dunƙulewa ta yi, shuɗiya, dushi-dushi.

Wanda ya ci tuta shi ne mafici, don shi tura iska yake yi, ba ruwansa da nauyi. Ba a ma iya zama can sai da irinsa na lantarki, gama iskar da mai barci ya fitar takan taru a fuskarsa, ya farka da ciwon kai.

Ashe akwai wani bara a kowane gida, ba a ganinsa, ba a biyansa ko anini, shi ke zuba ruwa, shi ke riƙe hatsi cikin turmi. 'Yan'uwa, ran da za ku koya wa yara jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, kada ku ce makaranta ba ta da kayan gwaji. Ku aika a aro buta da faifai. Allah Ya ƙara mana sani, amin.