PK8: Yadda talauci ke neman shiga tsakanin baƙi da 'yan ƙasa a Gabon

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Kye-Ossi ko Ambam a kudancin Kamaru, ya tsallaka kogin Ntem ya shiga Gabon, ya san cewa bayan ya wuce Bitam da Oyem da Mitzic da Ndjole da Kango da Ntoum, inda tafiyar ke ƙarewa shi ne PK8. Sunan ba wani abu yake nufi ba illa alamar kilomita ta takwas a kan babbar hanyar da ta fita daga birnin Libreville zuwa cikin ƙasa. A nan tashar motocin larduna take, ga kuma kasuwar ayaba, ga dubban mutane daga Kamaru da Najeriya da Nijar da Mali da Senegal da Benin da Togo da Cadi suna neman abin sakawa a bakin salati, kafaɗa da kafaɗa da talakawan Gabon.

Tun daga watan Agusta na 2025 tambayoyin da masu saurare ke aiko mana a gidan rediyo suka koma iri ɗaya: shin gaskiya ne an hana baƙi kasuwanci a Gabon? Shin korar mutane za a yi kamar yadda aka yi a baya? Wanda ke da niyyar tafiya ya fasa ne ko ya ɗaura ɗamara? Domin haka muka ga ya dace mu baje wa 'yan'uwa lamarin tun daga tushe.

Yadda baƙi suka taru

Gabon ƙasa ce mai faɗi da daji da arzikin man fetur da katako da ma'adinin manganis, amma mutanenta kaɗan ne. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum miliyan 1.8 ne a ƙasar, daga ciki fiye da 350,000 baƙi ne, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Lokacin da kuɗin mai suka ɓarke a shekarun 1970, gwamnatin marigayi Omar Bongo ta shiga manyan ayyuka, irin su layin dogo daga Owendo zuwa Franceville da gine-ginen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1977. Hannayen da za su yi aikin ba su isa ba, sai aka buɗe ƙofa. 'Yan ƙasa da suka yi karatu suka nufi aikin gwamnati da kamfanoni, baƙi kuma suka riƙe tireda da ɗinki da gini da tuƙin tasi da fawa.

Ya kamata a sani cewa ba duk Bahaushen da ke Gabon ne baƙo ba. Fiye da shekara ɗari ke nan da fatake Hausawa suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul a lardin Woleu-Ntem. Jikokinsu 'yan Gabon ne, ba su da wata ƙasa da ta wuce ta. To amma idan rai ya ɓaci a kasuwa, mai jin haushi ba ya tsayawa tambayar takarda, riga da hula kawai yake gani.

Kukan 'yan ƙasa

Adalci shi ne mu fara da sauraron masu gida, domin kukansu ba na banza ba ne. Alƙaluman Bankin Duniya na 2017 sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Gabon suna cikin talauci, duk da man da ake haƙowa. Matasa da yawa sun gama makaranta babu aiki, gwamnati kuma ba ta iya ɗaukar kowa kamar da. Saurayin da ya yi shekaru yana yawo da takardunsa, idan ya duba ya ga mai shagon unguwa baƙo ne, mai gyaran waya baƙo ne, direban tasi ma baƙo ne, abu ne mai sauƙi a gamsar da shi cewa baƙo ne ya tare masa hanya.

Ga kuma matsin rayuwar yau da kullum. Unguwannin da ake kira PK, daga PK5 har zuwa PK12, sun tsiro ne a kan tuddai da kwazazzabai ba tare da tsari ba. Da zarar ka sauka daga kwalta, sai lunguna da gidajen katako da matakalar ƙasa, waɗanda ke zama abin tsoro idan damina ta kankama. Ruwan famfo daga Ntoum ake turo shi, kuma gidaje da dama kan yi kwanaki ba su ga ɗigo ba, a ƙasar da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya. Wutar lantarki da ke zuwa daga madatsun Kinguele da Tchimbele ta daɗe da yi wa birnin kaɗan, har ta kai a 2025 aka ɗauko jiragen ruwa masu samar da wuta na kamfanin Karpowership domin rage ɗauke-ɗauke. Ajujuwan makarantun gwamnati sun cika sun batse. A asibiti kuwa, sai mace ta yi sammako da yaro a baya kafin ta samu layi.

A irin wannan layi ne maganganu ke tashi. Wanda ya gaji da jira yakan waiwaya ya ƙirga baƙin da ke gabansa, ya ce su ne suka cinye wurin.

Abin da ba a cika faɗa ba

Sai dai idan aka bi lissafin a hankali, za a ga baƙo bai ci bulus kamar yadda ake zato ba. Takardar izinin zama, wadda ake kira kart de sejur, kuɗi ne masu nauyi ake biya a hukumar shige da fice ta DGDI, kuma sabunta ta ake yi. Mai tebur a kasuwa yana biyan kuɗin wuri ga hukumar birni, mai shago yana biyan haraji, kusan kowane baƙo kuma ɗan haya ne a gidan ɗan ƙasa. Ban da abin da ke zubewa a shingayen hanya tsakanin iyaka da Libreville, wanda duk mai dakon kaya ya san zafinsa.

Batun asibiti ma akwai abin lura. A 2007 aka kafa hukumar inshorar lafiya ta CNAMGS, aka ware asusu na musamman domin talakawa 'yan Gabon. Baƙon da ke sana'ar hannu ba ya cikin wannan asusu, daga aljihunsa yake biya. Hasali ma, a shekarun farko, ɗaya daga cikin hanyoyin da aka riƙa tara wa asusun kuɗi shi ne harajin da aka ɗora a kan kuɗin da ake aikawa ƙasashen waje. Ke nan duk ɗan ci-ranin da ya aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane a Maradi ko Katsina, ya sa hannu a maganin talakan Gabon ba tare da ya sani ba.

Bugu da ƙari, Gabon ba ta noma abin da zai ciyar da ita. Ayaba da tumatir da albasa da shanu, mafi yawansu ta kan iyakar Kamaru suke shigowa, kuma 'yan kasuwa irin masu karanta wannan shafi ne ke kawo su. Ranar da motoci suka yi jinkiri a iyaka, farashi a PK8 da kasuwar Mont-Bouet ne ke fara shaidawa.

Tarihi ba ya ƙarya

Tsoron da 'yan'uwa ke ji yana da dalili, domin an sha yi. A watan Yuli na 1978, bayan cacar baki tsakanin Shugaba Bongo da Shugaba Mathieu Kerekou kan harin da sojojin haya suka kai Kwatano a 1977, an kori 'yan Benin kimanin 10,000 daga Gabon, aka wawashe dukiyar da yawa daga cikinsu. A 1981 rikicin wasan ƙwallo a Duwala ya jawo aka far wa 'yan Kamaru, dubbai suka bar ƙasar. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, gwamnati ta ba baƙi wa'adin gyara takardu ko su fita, inda a farkon 1995 kimanin mutum 55,000 suka bar Gabon, wasu a cunkushe cikin jiragen ruwa, sun bar shaguna da basussukan da suke bin mutane.

Mu ma ba za mu nuna wa kowa yatsa ba. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta kori baƙi, Hausawan zango da dama suka dawo gida hannu rabbana. A 1983 kuma gwamnatin Shagari a Najeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Ghana. A kowane karo, sai da tattalin arziki ya tsuke sannan aka tuna cewa akwai baƙi a gari.

Can nesa da mu ma haka abin yake. A tsibirin da Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba, 'yan Haiti ne ke yankan rake da aikin gini a ɓangaren Dominikan tun kaka da kakanni. A 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukuncin da ya raba dubban waɗanda aka haifa a can da shaidar zama 'yan ƙasa. A Oktoban 2024 gwamnatin Shugaba Luis Abinader ta sanar da shirin mayar da mutum har 10,000 gida a kowane mako, a Afrilun 2025 kuma aka fara tambayar takardu a manyan asibitocin gwamnati, abin da ya sa mata masu ciki da dama suka riƙa gudun asibiti. Wannan ita ce tashar da ba mu fatan motar Gabon ta kai.

Matakin Agustan 2025

Janar Brice Oligui Nguema ya karɓi mulki ranar 30 ga Agusta, 2023, inda ya kawo ƙarshen mulkin gidan Bongo na fiye da shekara 50, sannan ya ci zaɓen 12 ga Afrilu, 2025. Tun farko ya nuna cewa burinsa shi ne 'yan ƙasa su riƙe tattalin arzikinsu, kuma a 2024 aka fito da shirin raba wa 'yan Gabon motocin tasi su biya a hankali.

Ranar 12 ga Agusta, 2025, majalisar ministoci ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai. Daga ciki akwai ƙananan saye da sayarwa na cikin unguwa, da aika kuɗi ba tare da lasisi ba, da gyaran wayar hannu, da aski da kitso a bakin titi, da haƙar zinariya ba izini, da dillancin amfanin gona. Gwamnati ta ce za a bi abin daki-daki. A cikin wannan watan ne kuma aka samu tankiya a garin Lambarene kan rabon rumfunan kasuwa, har gwamnatin Benin ta nemi 'yan ƙasarta masu son komawa gida su yi rajista.

Ke nan amsar tambayar farko ita ce, ba duk kasuwanci aka hana ba, kuma sanarwar ba ta ce a kori kowa ba. Amma sana'o'in da aka lissafa su ne ainihin waɗanda ƙaramin ɗan ci-rani ke farawa da su. Mai babban jari da rajista yana da inda zai dafa. Mai tebur da akwatin gyaran waya shi ne a tsaka mai wuya.

Shawara ga 'yan'uwa

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na farko, ɗan Najeriya da ɗan Nijar su sani cewa Gabon ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tana cikin CEMAC ne tare da Kamaru da Cadi da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma sassaucin zirga-zirgar da ta amince da shi a 2017 na 'yan waɗannan ƙasashe ne. Mu sai da fasfo da biza. Duk wanda ya ce zai haye da kai ta kwale-kwale daga Kalaba ko Oron cikin dare, da ranka yake ciniki, domin teku ta ci mutane da yawa a wannan hanya. Haka nan kada a ba wani yaro ya tafi da shi da sunan koyon sana'a. Ba a manta da jirgin Etireno da ya taso daga Kwatano ɗauke da yara a 2001 ba.

Na biyu, wanda ke can ya sabunta takardarsa kafin ta mutu, ya yi wa sana'arsa rajista, ya adana duk rasiɗin da aka ba shi. A yi wa yara takardar haihuwa da wuri, a kuma kai sunansu ofishin jakadanci, domin haihuwa a ƙasa ba ita kaɗai ke mayar da yaro ɗan ƙasa ba, kuma babu tashin hankali irin na yaron da ya girma ba shi da takardar ko'ina.

Na uku, kada a tara dukiya duka a wuri ɗaya, kada kuma a bar bashi mai yawa a hannun mutane ba rubutu. Waɗanda suka ga 1995 sun san dalilin wannan magana.

Na huɗu, shugabannin al'umma da limamai da sarakunan Hausawa su matsa kusa da masu unguwanni da hukumomin birni tun kafin wata matsala ta taso. Mai shago ya ɗauki yaron unguwa ɗan ƙasa ya koya masa ciniki. Idan ana gyaran lambatu ko haɗa kuɗin famfo, a gan mu a sahun gaba. A kuma kame baki daga siyasar masu gida, musamman a wayoyin hannu, inda magana ɗaya kan zagaye gari kafin la'asar.

Ga hukumomin Gabon kuwa, haƙƙinsu ne su tsara kasuwarsu su kuma nema wa matasansu aiki, babu mai ja da wannan. Roƙonmu shi ne a bambanta mai takarda da marar takarda, a ba mutane lokaci su tattara jarinsu ko su sauya sana'a, a kuma hana ɓata-gari ɗaukar doka a hannunsu. Ƙarin bututun ruwa da ajujuwa da gadajen asibiti shi ne zai rage layi a unguwannin PK, domin a 1978 da 1995 an kori baƙi, amma talauci bai bi su ya shiga jirgi ba.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba kowa halaliyarsa.