An Raba Digirin Aikin Jarida Gida Bakwai, Saura Maganar Harshe

A farkon shekarar 2020 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta sanar da cewa ta raba digirin aikin jarida gida bakwai. Kafin nan digiri ɗaya ne tilo, wanda ɗalibai da iyayensu suka fi sani da Mas Kom, kuma duk mai son aiki a jarida ko rediyo ko talabijin ko kamfanin talla ta wannan ƙofar yake bi. Yanzu akwai digirin aikin jarida zalla, da na watsa shirye-shirye, da na hulɗa da jama'a, da na talla, da na fim, da na sadarwa don ci gaban al'umma, sai na nazarin bayanai da kafofin zamani. Shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ba baƙo ba ne a harkar, don ya taɓa shugabantar kamfanin jaridar New Nigerian a Kaduna, sannan ya riƙe Jami'ar Bayero ta Kano daga 2010 zuwa 2015.

Tsohon tsarin ya yi zamaninsa, babu mai musu. An fara shi ne a shekarun 1960, lokacin da Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen koyon aikin jarida a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya ba da jimawa ba. A wancan lokaci gidajen rediyo da talabijin duk na gwamnati ne, jaridun Arewa kuwa da yatsu ake ƙirga su. Wanda ya gama karatu ya san inda zai nufa: ko ma'aikatar watsa labarai, ko Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, ko wata jarida. Digiri ɗaya ya wadatar.

Sai abubuwa suka sauya. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta yi dokar da ta kafa Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi. Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a Kano a 2003, yau kuwa in mutum ya murɗa akwatin rediyonsa a birnin, kafin ya kai ƙarshe ya wuce tashoshi masu zaman kansu fiye da goma. Fim ɗin Hausa na bidiyo, da ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya a 1990, ya zama sana'ar da ke ciyar da dubban gidaje. Wayar hannu ta zo ta mai da kowa mai watsa labari. Duk wannan yana faruwa, ɗalibi na nan yana ɗanɗana rubutun labari a wannan zango, ɗaukar hoto a na gaba, talla a na gaban wancan, har digirin ya zama kamar kantin ƙauye, akwai komai amma kaɗan-kaɗan.

Akwai ma wani abu da ya fi wannan damuna game da tsohon tsarin. Ɗan jarida da jami'in hulɗa da jama'a ba hanyarsu ɗaya ba. Shi jami'in an ɗauke shi ne ya gyara sunan maigidansa, ya fito da alherinsa, ya san yadda zai yi shiru a kan sauran. Ɗan jarida kuwa aikinsa ya tono abin da aka yi shirun a kai. Duka biyun sana'a ce ta halal in an yi ta da gaskiya. Amma idan an tarbiyyantar da su a aji ɗaya shekara huɗu, da takarda iri ɗaya, ba abin mamaki ba ne a ga wakilin gidan rediyo da safe yana ɗauko rahoto a gidan gwamnati, da yamma kuma yana rubuta wa kwamishina sanarwa, bai ma ga aibin hakan ba. Ko don wannan kaɗai, rabon ya yi daidai.

Jami'ar Bayero tana cikin waɗanda suka riga kowa shiri. Sashenta na aikin jarida ya faro tun ƙarshen shekarun 1970, ya yaye ɗimbin muryoyin da muke ji a rediyo a gida da waje. Daga baya aka ɗaga darajarsa ya zama Tsangayar Sadarwa mai cin gashin kanta, aka haɗa shi da sashen wasan kwaikwayo da sashen nazarin bayanai da kafofin watsa labarai. Shugabanta na farko shi ne Farfesa Umaru Pate, wanda yana cikin na gaba-gaba wajen tsara sabon tsarin na ƙasa, kafin ya tafi shugabancin Jami'ar Tarayya ta Kashere a jihar Gombe a 2021. A wannan tsangaya ce kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya koyar, mutumin da ya ɗauki littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa ya mai da su abin nazari a lokacin da manyan malamai da yawa ke ganin ba su kai a ɓata musu tawada ba. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa tsangayar wajen koyar da aikin jarida na bin diddigi da samar da kayan aiki.

Abin da ya fi kowanne amfani a cikin kayan nan, a ganina, shi ne gidan rediyon jami'ar, BUK FM, a kan mita 98.9. Akwai darasin da allo ba ya iya koyarwa. Ɗaliba ta rubuta labaranta shafi biyu, ta ga sun yi kyau a takarda. Sai ta zauna gaban makirfo, jar fitila ta kama, ta tarar jimlarta ta farko ta fi ƙarfin numfashi ɗaya, sunan wani gari ya sarƙe mata harshe, mai kula da na'ura kuma yana ɗaga mata yatsa biyu ta bayan gilashi, wato saura minti biyu alhali ba ta kai rabi ba. Washegari da kanta za ta datse jimlolin, ta sa muhimmin abu a gaba, ta tambayi yadda ake faɗin sunan garin kafin ta shiga.

To amma raba takarda abu ne mai sauƙi. Digiri bakwai yana bukatar malamai na fanni bakwai, kuma wanda ya yi digirin digirgir a nazarin jaridu ba lalle ne ya iya haska fitilar fim ko tace sauti ba. Kyamara da kwamfutar tace hoto da dala ake sayo su. Wutar lantarki ma sai an yi mata kasafi na musamman. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma rashin kuɗin gudanar da jami'o'i na cikin manyan dalilan. Jami'ar da ta canja sunan sashe kawai ta bar malamai da kayan da take da su jiya, ta yaudari ɗalibanta. Wannan kowa ya sani, ana kuma faɗa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne maganar harshe. Da Ingilishi ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, da shi ake rubuta kundin kammala karatu. Amma yawancin waɗanda suka gama a Kano ko Zariya ko Sakkwato, idan Allah ya ba su aiki a fannin, da Hausa za su yi shi. Tashoshin Kano da Hausa suke cin abinci. BBC na da sashen Hausa tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, Muryar Amurka ta buɗe nata a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Ga jaridar Aminiya, ga tashar Arewa24, ga Kannywood ɗungurungum. Masu ɗaukar aiki a irin waɗannan wurare sukan miƙa wa mai nema labari ne su ce ya fassara, sannan ya karanta da murya. A nan ake ganin mai digiri mai daraja ta ɗaya yana gumi.

Mu leƙa ɗakin labarai na wata tasha, saura rabin awa a karanta labaran rana. Sanarwa ta shigo daga rundunar 'yan sanda da Ingilishi, wata daga ma'aikatar kuɗi, wata daga ma'aikatar lafiya. Edita ya miƙa wa yaron da ya zo sanin makamar aiki daga jami'a ya ce maza ya juya su. Hausa harshen uwarsa ne, amma rabonsa da rubuta ta tun ajin sakandare, in ma ya yi. Sanarwar 'yan sanda ta ce ana zargin wani mutum da kisa. A hannun yaron zargin ya faɗi a hanya, labari ya fita cewa mutumin ya yi kisa, tun kafin alƙali ya zauna. A ta ma'aikatar kuɗi biliyan ta koma miliyan. A ta lafiya ya rasa yadda zai bambanta cutar da ake ɗauka ta iska da wadda ake ɗauka ta taɓa jiki, sai ya dunƙule su. Cikin minti talatin mutane masu yawan gaske sun ji, a kasuwa da gona da cikin Adaidaita Sahu, kuma yawancinsu ba za su taɓa ganin takardar asali ba balle su gane an yi kuskure. Laifin ba na yaron ba ne. Shekara uku ana koya masa dokar ɓata suna da ƙa'idar rubuta labari a harshen da ba da shi zai yi aikin ba.

Illar wannan giɓi ba ƙarama ba ce, domin inda ƙwararre ya kasa magana da mutane da harshensu, wani zai yi. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Najeriya, saƙo ya bazu cikin dare ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin hukuma ta farka ta ƙaryata, an kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton rasa rayuka. Saƙon bai tsaya neman fassara ba, da harshen gida ya shiga gida-gida. Haka sojojin baka suke cin karensu babu babbaka a shirye-shiryen siyasa na dare: sun iya Hausa, sun san inda za su sa karin magana da inda za su yi habaici, mai sauraro ba ya gajiya da su. Wanda zai zauna gabansu ya ce ina hujjarka, dole Hausarsa ta kai tasu, kuma ya fi su sanin kasafin kuɗi da doka. Najeriya na da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, wadda ta ba kowa damar neman takardun hukuma. Amfaninta ga mai sayar da tumatir a 'Yankaba sai an sami wanda zai karɓo takardun ya bayyana masa abin da ke ciki yadda zai gane.

Ba mu kaɗai ba ne. A Yamai ma ana horar da 'yan jarida da Faransanci a makarantar IFTIC, su fito su yi aiki da Hausa da Zabarmanci a tashoshin Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Abin takaicin shi ne gadon muna da shi. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana rubuta labarin Yaƙin Duniya na Biyu da sharhi a kan mulkin En'e da Hausar da har yau ake sha'awa. Bai yi digirin aikin jarida ba. Waɗanda suka biyo bayansa a Rediyon Kaduna ma a bakin aiki suka koya, babba yana gyara wa ƙarami. Wannan hanyar ta yi rauni yanzu, don tashoshi sun yi yawa, tsofaffin hannu sun yi kaɗan, mai tasha kuma ba shi da lokacin renon kowa. Nauyin ya dawo kan jami'a ko ta so ko ba ta so ba.

Kuma ƙofa a buɗe take. A watan Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar Bayero na da Sashen Harsunan Najeriya, tana da cibiyar nazarin harsuna da ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. Tsakaninsu da Tsangayar Sadarwa ba wata tafiya ba ce. Ko da akwai kwas ɗaya ko biyu na fassara, bai isa ba. Abin da ake bukata layi ne cikakke daga aji biyu zuwa aji huɗu: rubuta labari da Hausa kai tsaye ba tare da an bi ta Ingilishi ba, ƙa'idojin rubutu da rabon kalmomi, rahoton kotu da na lafiya da na kasafin kuɗi, gabatar da shiri da yin tambayoyi, a kuma yi jarrabawar da Hausa. A yarda ɗalibi ya kammala da shirin rediyo na bincike na rabin awa a madadin kundin da zai kwanta a kabad. Malaman harshe su riƙa duba Hausar, malaman jarida su duba aikin.

Na san abin da za a ce: jami'ar tarayya ce, akwai ɗaliban da ba sa jin Hausa, kuma wanda bai ƙware a Ingilishi ba an rufe masa ƙofar Abuja da Legas. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ce a cire Ingilishi ba, ba a kuma ce a tilasta wa kowa ba. Zaɓi za a bayar, kamar yadda Ibadan za ta iya yi da Yarabanci, Maiduguri da Barbarci. Wanda ya fito da hannu biyu ya fi mai hannu ɗaya samun aiki, ko a Landan ne.

Ga ɗalibin da zai cike fom ɗin JAMB bana, kada sunan kwas ya ruɗe shi. Ya bincika ko NUC ta amince wa jami'ar ta koyar da wannan fannin, ya je da ƙafarsa ya ga ko situdiyon na aiki, ya tambayi 'yan aji uku sau nawa suka taɓa riƙe kyamara. Majalisun dattawan jami'o'inmu na Arewa kuwa, kashi 30 ɗin nan a hannunku yake, ba sai kun jira Abuja ba. Ku ba aikin jarida da Hausa rabonsa a ciki.