Abin Da Ke Sandarar Da Kwamfuta Lokacin Rendarin

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace fim, ko a titin Zoo Road na Kano ko a wani gari, ya san wannan yanayi. Edita ya gama yanka da jera hotuna, ya danna maɓallin fitar da aiki, sai kwamfuta ta ɗauki gurnani. Daga nan linzami ya yi nauyi, a danna abu ya ƙi buɗewa, a buga harafi sai an ƙirga uku kafin ya bayyana. Edita ya naɗe hannu, mai bidiyon biki yana zaune yana jiran nasa, ga man janareta yana ƙonewa. Na sha jin matasa suna cewa na'urar ce ta tsufa, sai an sayi sabuwa. Abin yana damuna, domin sau da yawa ƙarfin na'urar bai gaza ba. Rabon aiki ne ba a tsara mata ba.

Wannan fitar da aiki, ko rendarin kamar yadda masu sana'ar ke kiransa, lissafi ne zalla. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080 yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa da haskensa. Bidiyon da ke tafiya da hoto 25 a daƙiƙa yana buƙatar hotuna 1,500 a minti guda. Idan zane ne mai siffa uku, irin na katun ko na tsarin gini, nauyin ya ninka, saboda sai an bi haske daga inda ya taso zuwa duk inda ya faɗa. Lokacin da kamfanin Pixar na Amurka ya yi fim ɗin Toy Story a 1995, kwamfutoci 117 na kamfanin Sun aka jera domin wannan aiki kaɗai. Su sun ware wa rendarin nasa injuna. Editanmu kuwa na'ura ɗaya gare shi, a kanta yake tacewa, a kanta yake fitarwa, a kanta yake rubuta rasit.

Masu ƙera manhajojin rendarin da gangan suka sa su haɗama. Duk ƙarfin da suka samu a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai sun cinye, don aiki ya ƙare da wuri. Wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana wajen tsarin bin layi.

Mu ɗauki injin niƙa na unguwa. Wani ya zo da buhu goma na masara, sai ga yarinya da ɗan kwanon markaɗen miya. Mai injin da ya san aikinsa ba zai ce ta jira buhu goma su ƙare ba. Zai tsaya tsakanin buhu da buhu, ya markaɗa mata cikin minti biyu, ta tafi a ɗora tukunya. Mai masara bai yi asarar komai ba sai minti biyu. Haka furosesa take aiki. Tana yanka lokaci gutsi-gutsi, kowanne bai kai ƙiftawar ido ba, tana bai wa kowace manhaja nata rabo bi da bi. Wannan dabara ta daɗe: Fernando Corbató da abokan aikinsa sun nuna ta a jami'ar MIT tun 1961, lokacin da suka sa mutane da dama suna amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Abin da ke faruwa a ɗakin tacewa shi ne, manhajar rendarin da burauza da manhajar rubutu duk suna shigowa da daraja ɗaya, ita kuwa mai buhu goma ta cika kowace ƙofa da kayanta.

Maganin farko kyauta ne, kuma bai fi minti ɗaya ba. A Windows, a buɗe Task Manager, a shiga shafin Details, a nemi manhajar da ta fi cin furosesa, a danna ta da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Set priority, a sauke ta zuwa Below normal ko Low. An gaya wa mai inji ke nan cewa duk wanda ya zo da kwano a fara sallamarsa. Masu Linux suna da umarnin nice, wanda ma'auninsa ya tashi daga -20 zuwa 19, kuma yawan lamba shi ne yawan haƙurin manhaja. Wasu suna tsoron wannan zai jinkirta aikin. Jinkirin kaɗan ne ƙwarai, domin rubuta wasiƙa ko duba saƙo ba ya cin ƙarfi. Abin da yake buƙata shi ne a amsa masa nan take. Masu nazarin mu'amalar mutum da na'ura sun daɗe da gano cewa idan amsa ta zo cikin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mutum yana jin kamar babu jira sam. Da zarar an sallami mai kwano, duk sauran lokacin na mai buhu ne.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Wannan saiti na Task Manager yana gogewa da zarar an rufe manhajar, sai an sake shi a zama na gaba. Na biyu ya fi muhimmanci: na ga masu ɗaga daraja zuwa High, har da Realtime, wai don aiki ya yi sauri. Ba zai yi wani saurin kirki ba, tunda dama shi ke cin kusan komai, kuma Realtime tana iya hana linzami da allon rubutu numfashi har sai an kashe na'urar da hannu.

Akwai kuma hanyar ware kai guda. Furosesar zamani tana da kawuna huɗu, shida, takwas ko fiye. A Blender, manhajar kyauta da Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya assasa, aka sake ta ga kowa a 2002, akwai wurin da ake ƙayyade yawan zaren aiki a ƙarƙashin Performance. Mai kawuna takwas ya ba rendarin bakwai, ya riƙe ɗaya. Sai dai wannan kan ɗin zai zauna babu aiki ko da ka tashi ka tafi masallaci, shi ya sa ni na fi son sauke daraja.

To amma akwai sandarewar da sauke daraja ba ta taɓa ta, kuma a ganina ita ta fi addabar mutanenmu. Ita ce cikar RAM. RAM kamar tabarmar shanya ce a tsakar gida, faifan ajiya kuwa rumbu ne a bayan gida. Muddin kaya suna kan tabarma, hannu kawai za a miƙa. Idan ta cika, sai kwamfuta ta fara kwasar kayan manhajar da ba a taɓa ba tana kai wa rumbu. Ka dawo ka danna burauza, sai an je an ɗebo nata, an kwashe na wani an kai. Tsohon faifai mai juyawa ya fi RAM jinkiri ninki dubbai, saboda haka sai na'ura ta tsaya cik, fitilar faifai tana ta walƙiya. Alamar a bayyane take a shafin Performance na Task Manager: RAM ta kusa cika, faifai yana kan kashi 100. Mai gigabait 8 da ke fitar da bidiyo alhali ya bar shafuka ashirin a buɗe a burauza, shi ya jawo wa kansa. A rufe abin da ba a buƙata. Idan kuɗi sun samu, ƙarin RAM zuwa gigabait 16 da sauya faifai zuwa SSD sun fi sabuwar furosesa amfani.

Katin hoto shi ma da nasa hali. Katin da ke lissafin rendarin shi ne dai ke zana abin da kake gani a allo, sau 60 a daƙiƙa a yawancin alluna. Idan aka danƙara masa aiki, allo ya riƙa tsalle ko da furosesa tana hutawa. Tun daga Windows Vista, idan kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, tsarin yana ɗauka ya maƙale, ya sake tayar da shi, kuma rendarin yana iya mutuwa a nan take. Katunan NVIDIA daga zubin Pascal na 2016 sun fi iya katse aiki su saurari allo. Wanda ke da kwamfutar tebur mai ƙaramin katin hoto a cikin furosesa yana da mafita mai kyau: ya jona allo a ramin babban allon na'ura, wato motherboard, ya bar babban kati ya fuskanci lissafi shi kaɗai. A wasu na'urorin sai an kunna wannan a BIOS tukuna.

Sai zafi, wanda littattafan Turawa ba sa ba shi muhimmancin da ya kamata mu ba shi. Furosesa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, laftof yana kaiwa wannan iyaka cikin mintuna kaɗan. A ɗaga shi daga kan katifa ko darduma, a kai wa mai gyara ya share fanka ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Dogon aiki kuma a jera shi a layi, irin yadda Adobe Media Encoder ke bari a yi, a sake shi da dare idan akwai wuta.

Kirana ga masu cibiyoyin koyar da kwamfuta da manyan editoci da ke da yara a ƙarƙashinsu: ku ware rana ɗaya ku koya musu karanta shafin Performance. Yaro ya iya duba furosesa da RAM da faifai da katin hoto, ya faɗi wanne ne ya cika, kafin ya je ya ce wa mahaifinsa a sayar da filin gado a saya masa sabuwar na'ura.